Baƙuwa a Manchester da Yara Ƙanana: Shawarwarin Matan Zaure

Maman Haidar: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Anti Ladi ce ta sa ni a zauren nan, Allah Ya saka mata da alheri. Daga Katsina muke, watan jiya muka iso Manchester, maigidan zai yi digirin digirgir. Yarana biyu, namiji mai shekara huɗu da rabi, mace kuma za ta cika uku a Fabrairu, ga shi ina da juna biyu. Gaskiya kaina ya ɗaure. Yaran kullum suna ɗaki, babban sai tambaya yake ina Hajiya, yaushe za a buɗe ƙofa ya fita wasa. Ban san ta inda zan fara ba, makaranta ce, asibiti ne, kayan sanyi ne, har abin da zan ɗora a tukunya. Don Allah waɗanda suka riga ni zuwa ku taimaka mini.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Lale marhabin 'yata, ya gajiyar hanya? Ki kwantar da hankalinki, duk wadda kika gani a nan ta bi ta wannan hanyar. Da ɗan gari akan ci gari. To mata, ga ƙanwarku nan.

Anti Ladi: Ni bari in fara da makaranta tunda a cikinta nake aiki. Yaronki ba na zaman gida ba ne. A Ingila yaro yana shiga ajin farko na firamare, wanda suke kira Reception, a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Sa'o'insa sun shiga aji tun watan jiya. Tunda an riga an fara zango, maigidanki ya shiga shafin kansul, wato ƙaramar hukumar da kuke zaune a ƙarƙashinta, yau ɗin nan, ya cike fam na neman gurbi a tsakiyar shekara. Ku rubuta makarantu fiye da ɗaya, ku fifita na kusa da gida, don ke za ki riƙa kai shi da ƙafa cikin ruwa da iska da ciki a gaba. Makarantar gwamnati ba a biyan ko sisi, kuma daga Reception har aji biyu abincin rana kyauta ne ga kowane yaro. Ki rubuta musu a fam cewa halal kawai yake ci, in babu a ba shi na ganye ko kifi.

Ƙaramar kuwa, tunda a Fabrairu za ta cika uku, daga watan Afrilu tana da awa 15 a mako na nazare kyauta, mako 38 a shekara. Wannan na kowane yaro ne mai shekara uku da huɗu, ba ruwansa da irin bizar iyaye. Amma ki fara zagaya nazare tun yanzu ki sa sunanta, masu kyau suna cika da wuri.

Maman Haidar: Anti to ai a bizarmu an rubuta ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati. Ba zai jawo mana matsala ba?

Anti Ladi: Ba zai jawo ba. Makaranta da waɗannan awa 15 ba sa cikin abin da aka hana ku. Abin da za ki kiyaye shi ne kuɗin tallafin yara da na haya da makamantansu. Akwai kuma awa 30 na iyaye masu aiki, wannan galibi masu irin bizarku ba sa samu, kada ki ji wata ta ce tana karɓa ki bi sahu ba tare da kin bincika ba.

Maman 'Yan Biyu: Ƙari a kan maganar Anti. Wane suna ne a fasfonsa? In Aliyu ne kuma a gida Haidar kuke kiransa, ki gaya wa malamar tun ranar farko. Akwai gurbi a fam na sunan da yaro ya fi amsawa. Nawa sunan kakansa gare shi, a gida Abba muke cewa, bai taɓa jin an kira shi da sunan yanka ba. Malama ta yi ta kira yana kallon taga, har suka fara maganar a duba masa kunne. Sannan ki shirya, alkunyar ɗan fari ba ta aiki a gaban likita ko malama. Za su tambaye ki sunansa da ranar haihuwarsa, ke za ki faɗa da bakinki.

Maman Ilham: Sannu da zuwa ƙanwata. Ni nas ce, daga Kumasi nake, zangon can aka haife ni. Maganar cikin nan ta fi komai gaggawa a wurina. Gobe ki je asibitin unguwa, wanda ake kira GP, ki yi wa kowa rajista. Kyauta ne, kuma ba dole sai kin nuna shaidar adireshi ba. Awon ciki ba sai kin jira likita ya tura ki ba, kina iya cike fam da kanki a shafin sashen haihuwa na asibitin da ke kusa da ku, ungozoma za ta kira ki. Ki ce ta yi miki takardar da ke yafe wa masu ciki kuɗin magani da na haƙori, tana aiki har jariri ya shekara.

Ki tafi da katin rigakafin yaran na gida. Za su duba abin da aka yi musu da abin da ya rage, su cike gibin. Za su yi miki gwajin sikila, in aka ga kina ɗauke da ita za a nemi a gwada maigidan shi ma. Jariri kuma ana ɗan soka masa allura a dunduniya a kwana biyar da haihuwa a ɗebi jini, sikila na cikin abin da ake dubawa. Allurar BCG ba kowane jariri ake yi wa a ƙasar nan ba, amma namu ana yi musu saboda iyaye sun fito daga ƙasar da tarin fuka ya yi yawa, ki tabbatar an ba ki rana.

Sai bitamin D. Don Allah kada ki raina wannan. Ranar ƙasar nan daga Oktoba zuwa Maris ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi, mu kuma baƙar fata ne, ga mu a lulluɓe. Ke da yaran kowa maikirogiram 10 kullum, rani da damina. Na ga yara da gwame da ciwon ƙafa, na ga iyaye mata da ciwon baya da kasala suna zaton jego ne bai sake su ba, ashe wannan ne.

Ummu Sudais: Ni abin da ya fi ba ni mamaki farkon zuwana, ki kai yaro da zazzaɓi da tari, likita ya duba shi tsaf ya ce a ba shi farasitamol da ruwa a koma gida. Ba allura, ba komai. Raina ya ɓaci sosai.

Maman Ilham: Na san wannan ɓacin ran, Ummu Sudais. Amma mafi yawan murar yara a nan ƙwayar bairos ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa ta, shi ya sa ba a sayar da shi sai da takardar likita. Shekarar farko a nazare yaro zai yi ta kwaso mura, wata na tafiya wata na zuwa. Ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye. In kina shakka ki kira 111, layin shawarar lafiya, dare ko rana, kina iya neman tafinta. In numfashi ya yi wuya, ko yaro ya sanƙame, ko ya ƙi farkawa, ki kira 999, layin gaggawa. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zafinsa ya kai 38, ba a kwana da shi a gida. Abu ɗaya kuma: duk wadda za ta kai yara gida hutu ta nemi maganin rigakafin maleriya kafin tafiya, in an dawo yaro ya yi zazzaɓi ki faɗa wa likita da bakinki cewa daga Najeriya ko Nijar ko Ghana kuke, don ba shi ne zai fara zuwa masa a rai ba.

Maman Nana: Barka da zuwa. Ni mutuniyar Maraɗi ce, maƙwabta muke da ku. Maganar tukunya ki bar mini. Abin da kike nema rabinsa yana shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan, sunan ne kawai ya bambanta. Garin gero ki ce bajra, na dawa ki ce juwar, tsamiya ki ce imli. Da waɗannan kin samu kunu da fura da tuwo. Nono ki sayi yogot na Girka marar sukari ki ɗan tsinka shi da ruwa. Tuwon shinkafa ki nemi gajerar shinkafar da suke yin fudin da ita, tana tuƙuwa da kyau, ita nake yi wa masa ma. Miyar taushe, kabewarsu mai dogon wuya da alayyahu na firiza da man gyaɗa na kwalba wanda ba sukari. Lalo yana shagunan Larabawa a daskare, molokiya suke ce masa. Zoɓo da manja da doya da busasshen kifi, ki je Moston Lane, shagunan 'yan Najeriya ne jere. Nama na halal kuma Longsight da Cheetham Hill da Rusholme, mahauta sun fi a ƙirga. Madara da ƙwai da burodi da kunzugun yara, Aldi ko Lidl.

Maman Haidar: Allah Ya biya ki Yaya. Kuka da daddawa da yaji na taho da su. Kilishi ne da man shanu Hajiyarmu ta ce za ta ba wani mai zuwa ya kawo.

Maman Nana: A'a, ki hana ta. Nama da duk abin da aka yi da madara ba a shigo da su daga ƙasashenmu, kilishi da dambun nama da man shanu duk suna ciki. In aka gani a filin jirgi za a ƙwace, kuma kin jefa ɗan aike cikin matsala. Man shanu akwai na gwangwani a shagon Indiyawa, ghee, ki soya shi da albasa ki ji.

Amaryar Longsight: Ku gaya mata maganar alawa. Yawancin alawar nan mai taushi kamar roba akwai jelatin na alade a ciki. Yara suna rabawa a aji ranar da wani ya yi zagayowar haihuwa. Ni na koya wa tawa ta kawo gida mu duba tare, in ba ta halatta ba in musanya mata da wata. Na halal suna nan a shagunanmu.

Maman Ilham: Haka ma rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci lokacin sanyi, akwai jelatin a ciki. Wadda ranta bai kwanta ba tana iya cewa a yi wa yaron ta allura, akwai wadda ba shi. Kada dai a bar yaro ba rigakafin.

Maman 'Yan Biyu: Kayan sanyi kada ki kashe kuɗi a sababbi, yaro wata shida ya fi ƙarfinsu. Manhajar Vinted, da Facebook Marketplace, da shagunan sadaka da ke kowace babbar hanya. Abin da kowane yaro ke buƙata: jaket mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, takalmin roba na ruwa, hular ulu, safar hannu, da 'yar shimi mai dogon hannu ta ciki. Gara riga uku marasa nauyi da ɗaya mai kauri, don a aji akwai ɗumi, zai cire ya mayar. Ki rubuta sunansa a jikin komai. Yunifom kuma Asda ko Tesco, mai tambarin makaranta suwaita ɗaya ta isa. Kujerar mota ce kawai ban yarda a saya ta hannu ba sai daga wadda kika sani, don ba ki san ko ta taɓa haɗari ba. Doka ce yaro ya zauna a cikinta har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Asibiti ma za su tambaye ki ita ranar da za ki fito da jariri in a mota za ku tafi.

Ki sani kuma ana fitar da su wasa a makaranta ko ana yayyafi. Mu da muka saba ana ganin hadari a kwashe yara, abin yana da wuyar haɗiya. Amma da kayan da suka dace ba abin da ke samunsu.

Hajiya Babba: Lahadin ƙarshe ta watan nan za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan mun koma bayan Najeriya da awa guda har ƙarshen Maris. Ki shirya wa Disamba, 'yata. Kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk a tsakanin sha biyu da huɗu suke, ga ɗauko yaro wajen uku da kwata a tsakiya. In ba ki tsara ba sai ki ga salla ta kuɓuce. Wannan duhun yana taɓa zuciya, ba wasa ba. Mace tana ɗaki ita kaɗai da yara, miji yana jami'a ko wurin aiki, ba mai sallama, ba mai aiko yaro karɓar gishiri. Na ga mata masu ƙarfin hali sun koma kuka ba dalili, musamman bayan haihuwa. In kin ji haka ki faɗa wa ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya da za ta riƙa zuwa gida, ki faɗa mana. Ba raunin imani ba ne, kuma ba za a ƙwace miki yara don kin ce kina cikin damuwa ba. Kullum ki fita, ko zagayen layi ne.

Amaryar Longsight: Wuraren da ba a biya: Manchester Museum a kan Oxford Road, akwai ƙasusuwan dainoso da kwaɗi masu rai, yarona ba ya gajiya da shi. Babban laburare na St Peter's Square yana da sashen yara, katin aro kyauta ne har ga jariri. Heaton Park akwai awaki da sauran dabbobi, in ya yi kewar na gida. Platt Fields akwai tafki da agwagi da lilo. Cibiyoyin Sure Start kuma suna da zaman wasa na iyaye da ƙananan yara da safe, a nan na fara samun ƙawaye, wata 'yar Somaliya da wata 'yar Sudan. Yaron da bai kai biyar ba ba ya biyan kuɗin bas.

Ummu Sudais: Gidan da kuka kama fa, ya bangonsa? Ki duba bayan kabad da gefen taga da kusurwar banɗaki. In kin ga baƙi-baƙi funfuna ce. Tsofaffin gidajen garin nan suna da danshi, mu kuma muna rufe ko'ina saboda sanyi, mu dafa tuwo, mu shanya wanki a kan hita. Ki riƙa buɗe taga na ɗan lokaci da safe, ki rufe tukunya, ki kunna fankar kicin, in da hali ku sayi na'urar tsotse danshi. In ta ƙi tafiya ki ɗauki hoto ki rubuta wa mai gida, a rubuce ba a waya ba, in ya yi shiru ki kai ƙara kansul. A Rochdale nan kusa da mu wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, iyayensa 'yan Sudan, ya rasu a Disamban 2020, bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Har doka aka yi da sunansa. Allah Ya jiƙan yaron.

Maman Nana: Amin. Kuma turaren wuta ki nemi kaskon lantarki. Gawayi a ɗaki a rufe guba ne da ba ya wari, sannan hayaƙin zai tayar da ƙararrawar gobara. Kada ki cire mata batir don ta dame ki. Turmi ma ki haƙura in akwai mutane a ƙasanku, bilenda ta isa.

Maman Sadiq: Ni dai tunda kowa yana kewaye-kewaye bari in faɗa. Ƙanwata, ƙasar nan yara sun fi ƙarfin iyaye. Ba dama ki ɗaga hannu, ba dama ki ɗaga murya, yaro ya je makaranta ya faɗa, sai ki ga mutane a ƙofarki da takarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to da me za mu tanƙwara? Mu da aka yi wa bulala me ya same mu?

Anti Ladi: Maman Sadiq, tsoron da kike ji na gaskiya ne, amma bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. A Scotland tun 2020, a Wales tun 2022, duk wani duka haramun ne a doka. A Ingila doka ta bar wata 'yar kafa ta horo mai sauƙi, amma da zarar an bar shaida a jiki, ko an yi amfani da bulala ko waya ko takalmi ko muciya, an fita daga kafar. Mu ma'aikatan makaranta wajibi ne a kanmu, in mun ga tabo ko yaro ya faɗi wani abu, mu rubuta mu miƙa. In na ɓoye, aikina ne ya tafi. Amma ba daga nan ake ɗauke yaro ba. Mafi yawanci tambaya ce da ziyara da shawara. Raba yaro da iyaye sai an je kotu, sai dai in 'yan sanda sun ga yana cikin haɗari a take.

Ni shawarata a ajiye dukan gaba ɗaya. A gida yaro yana da mutum ashirin da ke tsawatar masa, kaka da kawu da maƙwabci da malamin allo, dukan ma ba shi ne ke yin aikin ba, idanun jama'a ne. A nan ku biyu ne kawai. In kika dogara da bulala, ranar da ya gane an hana ki, ba ki da sauran makami. Abin da na ga yana aiki shi ne magana ɗaya tsakanin uwa da uba, lokacin barci tsayayye, kuma in kin ce za a kashe talabijin ko an fasa zuwa wurin lilo, to a fasa ɗin, ko zai yi birgima.

Maman Sadiq: Na ji Anti. Amma tsakani da Allah akwai rashin kunyar da ban iya jurewa. Yaro ya tsaya ya kafe ni da ido ina masa faɗa.

Anti Ladi: Wannan ba laifinsa ba ne, a aji aka koya masa. Malama tana cewa ya dube ta in tana magana, in ya sunkuyar da kai sai ta ɗauka ƙarya yake ko bai saurara ba. Ya dawo gida kuma a ce ya sunkuya. Ki zaunar da shi ki bayyana masa cewa kowane wuri da ladabinsa. Yara suna iya riƙe biyun in an yi musu bayani. Nawa suna durƙusawa su gaida Hajiya Babba, a makaranta kuma suna duban malama ido da ido.

Maman Ilham: Biyu zan ƙara a nan. Na ɗaya, kada a bar ƙananan yara su kaɗai a gida, ko da zuwa shagon bakin layi ne, kuma ɗan shekara bakwai ba ya raino a nan. Na biyu, jariranmu da yawa ana haifarsu da wani shuɗin tabo a gadon baya ko ɗuwawu. Halitta ce, yana ɓacewa da kansa, amma wanda bai sani ba zai ɗauka shatin duka ne. Ki sa ungozoma ta rubuta shi a jan littafin lafiyar jariri da za a ba ki tun ranar farko. Kwalli na gargajiya kada a sa wa jariri, ana samun dalma a wasu. Zuma sai ya shekara. Tsaga da cire beli babu su sam. Kaciya kuma in namiji ne, yawanci biya ake yi, a je asibiti mai rajista.

Maman Haidar: Na gode ƙwarai. Wani abin da ke damuna, babban ba ya jin Turanci sai kaɗan. Maigidan ya ce mu koma yi musu Turanci a gida don kada a bar shi a baya.

Hajiya Babba: Ki ba maigidanki haƙuri, ki ce in ji ni kada a yi haka. Turanci zai same shi har gado. Kafin Sallah mai zuwa shi zai riƙa gyara miki lafazi. Hausar ce za ta gudu, kuma ba ta sallama in za ta tafi. Farko zai riƙa amsa miki da Turanci kina masa Hausa, daga nan ya daina ganewa, ranar da kakarsa ta kira a bidiyo sai dai ya ɗaga mata hannu ya miƙa miki waya. Na ga tsohuwa ta yi hawaye a kan wannan. Akwai manyan samari a garin nan, iyayensu Kanawa gaba da baya, ba sa iya gaisuwar ta'aziyya.

Anti Ladi: Masu koyar da magana na asibiti ma abin da suke cewa ke nan, uwa ta yi wa ɗanta yaren da ta fi iyawa. Yaron da ya ƙware a harshen gida ya fi saurin ɗaukar na biyu. Zai iya yin shiru a aji na wasu makonni yana saurare, ba matsala ba ce. Ki dai koya masa yadda zai ce yana son banɗaki, yana jin ƙishirwa, ko wani wuri na masa ciwo.

Maman Nana: Mu a gidanmu ƙa'ida ce, daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa. Faransancin ma na ajiye. In suka tambaye ni abu da Turanci sai in ce ban ji ba, a maimaita. Da dare tatsuniya, ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi, sun fi son ta a kan katun. Duk Juma'a kuma kakarsu ce ke yi musu ta waya. Karatun allo ma malami ne daga gida yake yi musu ta bidiyo, don Islamiyyun nan da Turanci ko Urdu ake bayani, kuma yawanci sai yaro ya kai biyar suke karɓa.

Maman 'Yan Biyu: Kafin in manta, maganar hutu. Kada ku sayi tikitin gida a lokacin karatu don ya fi araha. Da zarar yaro ya kai shekarun da karatu ya zama dole, wato zangon da ya biyo bayan cikarsa biyar, fashin kwana biyar ba izini yana jawo tara, fam 80 a kan kowane uba ko uwa, a kan kowane yaro, in aka wuce kwana 21 ba a biya ba ta zama 160. Ranar Sallah kuwa ana ba da izini, ki dai sanar da su tun da wuri.

Ummu Sudais: Jaririn da ke tafe kuma, rajistar haihuwa cikin kwana 42. Haihuwa a nan ba ta mayar da shi ɗan Birtaniya in iyaye ba su da izinin zama na dindindin. Ku yi masa fasfon Najeriya, ku nema masa biza irin taku kafin ku fita da shi ƙasar, in ba haka ba dawowa za ta yi wuya. In Hajiyarku za ta zo wankan jego, bizar ziyara wata shida ce, kuma in ta kwanta asibiti biya za a yi, ku yi mata inshora.

Maman Haidar: Da wuya ta samu zuwa, ƙafa ta matsa mata. Shi ne abin da nake ta tunani, ranar da naƙuda ta tashi wa zan bar wa yaran.

Hajiya Babba: Mu za ki bar wa. Haka muke yi wa kowa. Ki turo mini watan haihuwar da unguwarku ta gefe, za mu raba kwanaki. Ladi za ta ɗauki babban tunda hanyar makaranta ce, ƙaramar ta zo wurina. Kunun kanwa da farfesu na mako biyun farko Maman Nana ce shugaba. Ragon suna kuma maigidanki ya yi magana da mahauci tun da wuri, ko ya aika a yanka a Katsina, duk ana yi.

Amaryar Longsight: Ina da keken tura jariri da gadon jariri, tawa ta girme su. Katifar dai ki sayi sabuwa.

Maman Sadiq: Ni ma akwai jaket biyu na ɗan shekara huɗu zuwa biyar da takalmin ruwa. Anti Ladi, zan kira ki anjima, maganar nan ba ta ƙare ba, ina son ki gaya mini yadda kike yi da ɗan shekara goma sha ɗaya.

Anti Ladi: Ki kira bayan isha'i. Asabar ɗin nan haɗuwa a gidan Hajiya Babba bayan azahar, kowa ta zo da yaranta da abin da ta ce za ta kawo. Maman Haidar ki turo mini lambar layinku in gaya miki bas ɗin da za ki hau.

Maman Nana: Wadda tandar masata take wurinta don Allah ta taho da ita, zan jiƙa shinkafa tun daren Juma'a.